Lokotoron Shanu da Motar da Ke Gaisuwa

A Filinge in ka ce kana neman Baƙo, sai an tambaye ka wanne, don akwai mai gyaran takalmi, akwai kuma na bakin tasha. Amma in ka ce Lokotoron Shanu, kowa zai nuna maka gidan. Shagona na ɗinki yana daidai kwanar da ake karyawa hagu a shiga lungunsu, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. Sauran daga bakin Idi na ji, ƙanin matarsa Lami, wanda ba ya rage labari, sai dai ya ɗan ƙara masa gishiri.

A Shikal aka haifi Baƙo, gidan manoman hatsi. Shekarar da aka zo ɗibar yaran lakkol, wato makarantar boko, duk sa'o'insa suka ɓuya cikin rumbuna, shi kuwa aka iske shi tsaye a tsakar gida yana kallon wani maraƙi mai gudawa. Haka ya yi karatu. Da ya gama aka ɗauke shi a ma'aikatar kiwo, ya yi shekara talatin da ɗaya bisa babur yana bin shanu da allura, daga Sanam har Imanan. Gajere ne kakkaura. Wani raƙumi ya gutsire masa saman kunnen hagu a rijiyar Bankuku, wata saniya kuma ta bar masa ɗingishi.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne rashin magana. In ka gaishe shi, ka tambayi gida, ka tambayi aiki, ka tambayi gajiya, sai ya jira ka gama duka, ya ce "Lahiya" sau ɗaya, ya wuce. Da yawa sun ɗauka girman kai ne. Lami ta ce ba haka ba ne, zama da shanu ne ya yi masa yawa, su kuwa ba su taɓa tambayarsa iyali ba. Wuri ɗaya ake jin muryarsa ta tashi: in ya gano makiyayi ya ɓoye shanu lokacin rigakafi. Nan kam sai ya yi faɗan da zai ishe shi shekara.

Da ya ajiye aiki a 2012, ya ce ƙashin bayansa ya gaji da babur. Ya sayi mota hannun wani mai kawo motoci daga Kwatano, ƙirar Bardel, mai ƙofa huɗu, ba babba ba kuma ba ƙarama ba, launin toka. Cikin ɗan akwatin gaban motar ya iske wata takarda mai jan layi a sama, da hatimi, da manyan baƙaƙe, cikin wani harshe da ba Faransanci ba. Ya nuna wa mai sayarwar. Mutumin ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce ai wannan shaida ce daga masana'anta cewa motar lamba ɗaya ce, ba kowace ake ba irinta ba. Baƙo ya kai aka rufe takardar da leda, ya jingina ta jikin gilashin gaba. Jandarmomin shinge ma in sun ga jan layin nan sai su ɗaga masa igiya da wuri.

Ranar da ya shigo gari da ita ina bakin shago ina cizon zare. Ya iso kwanata, ya murɗa sitiyari hagu, sai na ji fiiim! Na ɗaga kai. Shekara goma sha takwas muna maƙwabtaka bai taɓa fara gaishe ni ba. Na yar da zaren, na ɗaga hannu biyu, na ce, "Lokotoro! Barka da arziki!" Ya dube ni ta taga da ido waje, kamar wanda aka taka wa ƙafa, ya wuce.

Ashe ba shi ya danna ba. Duk lokacin da aka karya sitiyarin motar nan hagu sosai, ham ɗinta sai ya yi kuka da kansa. In dama aka karya, shiru.

Mu ba mu sani ba. Kafin wata ya ƙare gari ya ɗauka cewa mota ta gyara halin Baƙo. Hafizu mai nama, wanda teburinsa ke kwanar kasuwa, ya fara ajiye masa hanta. Tsofaffin mata masu sayar da ƙuli a bakin famfo suka riƙa sa masa albarka safe da yamma. Amma waɗanda ke zaune a kwanonin dama ba su samu komai ba, kuma sun lura. Wani mai shayi ya jure mako uku, sannan ya kwashe bencinsa da tukunyarsa ya tsallaka titi. Washegari ya samu nasa fiiim ɗin, ya ce da ma ya san babu komai tsakaninsa da Lokotoro.

Ba kullum abin ke daɗi ba. Ya taɓa yi wa masu zaman makoki fiiim har sau biyu, shiga da fita. Ya taɓa firgita jakin amalanke, jakin ya zura da gudu, jarkokin ruwa suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya har ƙofar asibiti. Baƙo ya so ya yi bayani, amma bayani magana yake bukata, sai ya fasa.

Ya dai kai ta garejin Ɗanladi. Ɗanladi ya kwana biyu a kanta, ya ce ya gama. Baƙo ya karya hagu, ham ya yi kuka, ƙarafan share gilashin motar su ma suka tashi suna rawa. Ɗanladi ya ce to bari ya tsinke wayar ham ɗin gaba ɗaya a huta. Baƙo ya ce motar da ba ta da ham ba ta ratsa Filinge ranar kasuwa, ya mayar masa da ita yadda take.

Lami ce ta matsa aka je Shikal wurin Gwaggo Indo, ƙanwar uban Baƙo, wadda ta tsufa cikin bori, ake zuwa wurinta daga ƙauyukan Kurfai in abu ya shige duhu. Tsohuwar ta zagaya motar da sandarta, ta shiga gaba ta zauna, ta ce ya tuƙa. Ya karya dama, shiru. Ya karya hagu, fiiim. Ta sa ya maimaita sau uku, tana tauna goro.

"Baƙo, ba kowa cikin wagga mota," in ji ta. "Su in sunka shiga wuri ba su zaɓen hagu da dama. Wanga aikin waya na. Ka kai ta ga masu ƙarhe."

"Na kai, Gwaggo."

"To ba su iya ba. Tunda na riga na zamna, aje ni kasuwa."

Haka aka zauna shekara bakwai. Baƙo ya zama mutumin mutane ba tare da ya ƙara ko kalma ɗaya a kan "Lahiya" ba. Ana kiransa suna, ana kiransa ɗaurin aure, har aka naɗa shi shugaban kwamitin famfon unguwa saboda, in ji masu zaɓen, mutum ne mai fara'a. Bai taɓa cewa abin yana masa daɗi ba, amma na sha ganinsa yana rage gudu kafin kwanata don kukan ya yi tsawo.

A babbar sallar 2019 autarsu Safi, wadda ke aikin ungozoma a Yamai, ta zo gida. Ta shiga gaban motar za su kai nama gidan wata gwaggonta, idonta ya faɗa kan takardar.

"Baba, wai mi anka rubuta cikin takardar ga?"

"Lamba ɗaya."

"Wa ya karanta maka?"

Ya ta da motar ya kama hanya. Ta fiddo wayarta, ta haska takardar, wayar ta juya rubutun zuwa Faransanci. Lami, wadda ke zaune baya da kwanon nama a cinya, ta ce tana kallon ƙeyar Safi ta san ba lafiya.

"Baba, tsaya. Kashe motar."

Ya kashe.

"Jamusanci na. Kamfanin da ya ƙera motar ya aiko wa mai ita na farko, tun 2010. Sun ce sun yi kuskure wurin ƙira. Akwai wata waya cikin sitiyari da ke gogewa in an karya hagu. Alamar farko, ham ya riƙa kuka da kansa."

"Alamar farko," in ji Lami. "To ta biyu fa?"

"Akwai jakar iska naɗe cikin sitiyarin, wadda ke kumbura ta tare mutum in an yi karo. Sun ce wayar na iya sa ta fashe a fuskar direba haka kawai, ba karo ba komi. Sun ce a maido motar da gaggawa su canza abin, kyauta. Wanga jan layin da ka gani, ma'anarsa hatsari."

Baƙo ya daɗe yana kallon tsakiyar sitiyarin da ya shekara bakwai yana jingina ƙirji a kai. Sannan ya buɗe ƙofa a hankali, ya fita, ya ce su ɗauko naman, gidan ba nisa.

Kwana uku bai taɓa motar ba. A na huɗu ƙafarsa mai ɗingishi ta ce ba ta yarda ba. Sai ya zauna da fensir ya zana taswirar Filinge a bayan wata tsohuwar takardar rigakafi, ya gano cewa in mutum ya karya dama sau uku, ya isa inda hagu ɗaya za ta kai shi. Daga ranar ya daina karya hagu. Zuwa masallacin Juma'a sai ya zagaye kasuwa. Shiga lungunsu kuwa sai ya wuce shagona, ya bi bayan makaranta, ya ɓullo ta wajen masu daka, ya shigo ta ɗaya bakin. Ya kuma tono tsohuwar hular kwanonsa ta zamanin babur, yana tuƙi da ita, gilasai a rufe.

Safi ta koma Yamai ta nemo wakilin kamfanin, ta karanta musu lambar jikin motar. Suka ce e, tana cikin waɗanda ake nema, a kawo. Baƙo ya ce ba ya zuwa, dabararsa ta dama tana aiki.

Idi ne ya karya shi. Idi dillalin awaki ne, kuma tun ranar da aka kai yayarsa gidan Baƙo yake tsokanarsa, kamar yadda ƙanin mata ke da izinin yi. Ya same shi a ƙofar gida, ya zauna, ya ce, "Lokotoro, ina da tambaya ta aiki. In an yi shelar rigakahi, mutum ya ɓoye saniyarsa bayan dutsi, ya ce ai lahiyarta lau, mi kake ce masa?"

Baƙo ya ci gaba da goge hular kwanonsa.

"Na tuna abin da ka ce wa wani a Sanam. In maimaita? Akwai mata kusa."

"Lahadi," in ji Baƙo. "Kai za ka raka ni."

Suka tashi da safe, Baƙo da hular kwano da matashin kai ɗaure a ƙirji da rawani, Idi a kujerar baya can kusurwa, don ya ce jakar ba ta san wanda ya yi laifi ba. Hanyar Yamai ba ta da kwana mai tsanani, sai a Baleyara, inda suka iske kasuwa ta cika har kan kwalta. Wani bijimi ya tsaya a gabansu. Baƙo ya danna ham da hannunsa, ham ya ƙi. Sai da ya rufe ido, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya murɗa hagu kaɗan, sannan fiiim, bijimin ya matsa.

Abin da taswirar Baƙo ba ta faɗa masa ba shi ne shataletalen Yamai. A shataletale mota hagu take zagayawa, sitiyari a murɗe har sai ka fita. Suna shiga na farko babba, ham ya kama kuka bai tsaya ba. Baƙo ya sanƙare. Ya ture kansa baya iyakar tsawon hannunsa, ya ƙanƙame sitiyarin, ya kasa sakinsa ya kuma kasa fita, don motoci sun rufe shi ta dama. Suka zagaya sau ɗaya, suka zagaya sau biyu. Masu babura suka ɗauka ayarin biki ne, suka bi bayansu suna danna nasu. Wata mata a bakin hanya ta rangaɗa guɗa. Idi ya ce shi ya ƙirga zagaye tara, amma na san Idi, a bar shi a biyar.

Wani ɗan sanda ya shiga gabansu da usur, ya tare hanya, ya ja su gefe. Ya leƙa ya ga dattijo da hular kwano da matashi a ƙirji, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Baba, lafiya? Ina amaryar?"

Baƙo ya miƙa masa takardar mai jan layi. Idi ya yi bayani daga kujerar baya, da ƙari. Ɗan sandan ya saurara har ƙarshe, ya sa aka buɗe gaban motar, ya zare wani ɗan abu kamar haƙorin akuya daga wani akwati, ya ba Baƙo a hannu, ya ce ham ya mutu sai an mayar da wannan. Jakar kuwa, ya ce, wannan sai Allah sai kamfani. Ya hau babur ɗinsa ya yi musu jagora har ƙofar gidan Safi, ta hanyar da ba shataletale.

Washegari a wurin wakilin kamfanin, ma'aikata suka fito suna kallon motar kamar an kawo musu ɗan'uwan da ya ɓace. Shugaban garejin ya ce shekara tara sunanta yana cikin na'urarsu, an neme ta a ƙasashe uku. Da suka buɗe sitiyarin, ya kira Baƙo ya nuna masa wayar. Ta goge har saura silin da bai fi gashin wutsiyar saniya ba.

"Da saura kwana nawa?" in ji Baƙo.

"Wata ƙila shekara, wata ƙila kwanar farko in kun fita nan."

Baƙo ya nemi kujera ya zauna. Kafin azahar aka gama. Suka rubuta lambar wayarsa, suka ba shi hula mai tambarin kamfani, wadda Idi ya karɓe tun kafin su kai mota.

Da la'asar ranar Talata na hango motar tana tahowa. Na tashi, na gyara riga, na ɗaga hannu tun daga nesa. Ta karya hagu a gabana shiru kamar kyanwa, ta shige lungu. Na tsaya da hannu a sama har wani mai wucewa ya tambaye ni ko ciwon kafaɗa nake.

A wata ɗayan da ya yi yana bin dama, mun yi masa uzuri, mun ce hanya ya canza. Wannan kuwa a gabanmu ya wuce. Hafizu ya daina ajiye hanta. Mai shayi ya ce shi da ma can ya fi samun ciniki a tsohon wurinsa. Ranar Juma'a tsofaffin bakin famfo suka aiko mu mu uku, ni da Hafizu da mai shayi, mu ji laifin da aka yi masa. Muka zauna a zaurensa. Baƙo ya buɗe baki ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga gare shi, ya faɗi komai, tun daga Kwatano har shataletale, ya ce ko sau ɗaya cikin shekarun nan bai gaishe mu ba, waya ce.

Can Hafizu ya ce, "To hantar da ka ci fa?"

"Ta yi daɗi," in ji Baƙo.

Aka yi ta jayayya har kusan magariba, aka tsaya a kan cewa zai riƙa dannawa da hannunsa. Yana yi, in ya tuna. Amma da yake yanzu zaɓi ne, wanda aka manta da shi yana jin zafi fiye da da, kuma 'yan dama sun ce tunda hannu ne, ba su ga dalilin da za a ci gaba da ware su ba. Daga kasuwa zuwa gida yanzu sai ya danna sau goma sha wani abu, fuska a murtuke, Lami kuma ta ce tana jin tahowarsa tun daga wajen masu nama, ta san lokacin kwashe tuwo.

Bayan wata huɗu saƙo ya shigo wayarsa daga kamfanin, da Faransanci wannan karon. Sun gano wani kuskuren: makullin murfin baya, wurin zuba kaya, yana iya buɗewa da kansa in an shiga gargada, ya kuma koma ya rufe. A kawo a canza.

Baƙo ya karanta sau biyu, ya sa takalmi, ya tafi gidan Idi da ƙafa. Ashe shekara uku da suka wuce ya taɓa ba Idi motar ya ɗauko masa zabbi shida daga Bankuku, Idi ya iso da kwando babu komai, ya rantse shi bai san inda suka shiga ba. Tun ranar Baƙo yake kiransa ɓarawon zabbi a zuci, wani lokaci kuma a fili.

Ya iske shi yana ba awaki dusa. Ya miƙa masa wayar, ya ce, "Idi, na zalunce ka. Murhin na ke buɗewa. Ka yahe mini."

Idi ya sa aka karanta masa saƙon, ya goge hannu a riga, ya ce, "Allah sarki, Lokotoro, ba komi, na yahe." Ya raka shi har bakin ƙofa, yana ta jinjina kai a kan sakacin masu ƙera motoci. Sai da Baƙo ya yi nisa kaɗan ya ɗaga murya.

"Amma don kar ka sa wa kamfani laihin da ba nasu ba, biyu kawai sunka tashi. Huɗun mu munka soye su a Bankuku."

Baƙo ya tsaya a tsakiyar hanya, ya juyo, ya dube shi. Sannan ya sunkuya ya fara cire takalminsa na dama, Idi kuwa ya shige gida ya sa sakata.